Wa Ke Da Alhakin Yaron Nan? Yadda Ake Tafiyar Da Aikin Kare Yara A Alƙahira, Da Abin Da Zango Zai Ɗauka



Watannin baya wani abu ya faru a unguwarmu wanda har yau yake damun mu. Wata yarinya da ba ta wuce shekara 11 ba, an kawo ta riƙo daga arewa, kullum tana tallan ruwan leda a bakin tasha tun asuba har bayan isha'i. Ba ta zuwa boko, ba ta zuwa makarantar allo. Mai abincin da ke kusa da tashar ta ga tabon duka a bayanta. Direbobi sun gani. Mu ma da muke zaman shayi a gefen titi mun gani. Kowa ya ce a ransa wani zai yi magana, ko kuma ya ce sha'anin gidan mutane ne. Sai da zazzaɓi ya kayar da ita a titi sannan aka tashi tsaye. Allah Ya sa ta warke, kuma yanzu tana hannun kakarta. Amma da muka zauna taron ƙungiya bayan haka, wani dattijo ya yi mana tambayar da ta rufe mana baki: cikin mutum hamsin da suka gan ta, wane ne za a ce wannan yarinya a wuyansa take?

Wani ɗan'uwanmu da ya yi karatu a Azhar ya ce a Masar akwai lambar waya da ake bugawa saboda irin wannan, kuma akwai kwamiti a kowane yanki da doka ta ɗora wa nauyi. Wannan ya sa muka nemi sanin yadda abin yake. Ga abin da muka fahimta, mun kawo shi ne don a tattauna a masallatai da majalisu.

Me ya sa Alƙahira?

Alƙahira ba baƙon wuri ba ne a wajen mutanen zango. Shekara da shekaru 'ya'yanmu na zuwa can neman ilimi. Birni ne na Musulmi mafi yawa, mai cunkoso, wanda idan aka haɗa shi da Giza da Ƙalyubiyya mutanensa sun haura miliyan 20. Unguwanni irin su Manshiyat Nasir da Imbaba cike suke da mutanen da suka baro ƙauye neman abinci, gidaje a matse, haya da tsada, uwa da uba duk suna waje suna fafutuka. Wanda ya san Nima ko Aboabo ba zai ji abin baƙo ba. Matsalolin yaransu ma sun yi kama da namu: barin makaranta, aikin ƙarfi tun da ƙuruciya, duka, kwanan titi, auren wuri, da yaron da aka haifa ba a yi masa takardar haihuwa ba.

Dokar da aikin ya tsaya a kanta

A 1988 gwamnatin Masar ta kafa Majalisar Ƙasa ta Kula da Yara da Iyaye Mata, hedikwatarta a Alƙahira. A 1989 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara. Ghana ce ƙasar farko a duniya da ta tabbatar da ita, a watan Fabrairu 1990, Masar kuma ta bi baya a cikin wannan shekarar. Daga nan Masar ta yi Dokar Yara mai lamba 12 ta 1996, sannan aka yi mata babban gyara da doka mai lamba 126 ta 2008, lokacin da Mushira Khattab ke riƙe da sakatariyar majalisar.

Gyaran 2008 ne ya canza abubuwa da yawa. Ya ɗaga shekarun da za a iya tuhumar yaro da laifi zuwa 12. Ya hana rajistar aure ga wanda bai kai 18 ba. Ya mayar da kaciyar mata laifi. Sannan sashe na 96 ya jera halayen da idan aka samu yaro a cikinsu za a ce yana cikin haɗari: idan ana wulaƙanta shi ko ana dukansa a gida ko makaranta, idan an hana shi karatun farko, idan an same shi yana bara, idan ba shi da wurin kwana tsayayye, idan mai ciyar da shi ya yi watsi da shi, da sauransu. Amfanin wannan jeri shi ne, yaron da aka tsinta a titi ya tashi daga matsayin mai laifin da za a kama, ya koma wanda ake bin al'umma bashin kariya.

Waya, kwamiti da ofishi

Aikin yana tafiya ne ta hanyoyi uku da suka haɗu.

Na farko ita ce lambar ceton yara, 16000, wadda aka buɗe a 2005 a ƙarƙashin majalisar. Kyauta ce, dare da rana. Yaro zai iya bugawa da kansa, maƙwabci ma zai iya.

Na biyu su ne kwamitocin kare yara. Masar tana da jihohi 27, Alƙahira ɗaya ce daga ciki. Doka ta ce kowace jiha ta sami babban kwamiti wanda gwamna da kansa zai shugabanta, tare da shugabannin 'yan sanda, jin daɗin jama'a, ilimi da lafiya na jihar, da wakilin ƙungiyoyin sa kai. A ƙarƙashinsa kuma kowane yanki da ke da ofishin 'yan sanda zai sami ƙaramin kwamiti na mutum biyar zuwa bakwai, wanda ya haɗa jami'in tsaro, ma'aikacin jin daɗin jama'a, masanin halayyar ɗan'adam, likita da malami. Babban kwamiti yana tsara manufa yana sa ido. Ƙaramin shi ke duba yaro ɗaya bayan ɗaya.

Na uku shi ne ofishin jiha na Ma'aikatar Jin Daɗin Jama'a, wanda ke da rassa a gundumomi da unguwanni. A hannun wannan ma'aikata gidajen marayu suke, da tsarin ba iyalai riƙon yaran da ba su da kowa, da kuɗin tallafin talakawa.

Ainihin aikin shugaba

A nan ne muka ga darasin da ya fi girma. Wanda aka ba jagorancin aikin kare yara a yanki irin Alƙahira ba shi da iko a kan ɗan sanda, ba shi ne ke biyan likita albashi ba, shugaban makaranta ma ba a ƙarƙashinsa yake ba. Amma yaro ɗaya da aka ci zarafinsa yana buƙatar su duka a rana ɗaya. Saboda haka yawancin aikinsa haɗa kan mutanen da kowannensu ke da nasa ubangidan ne. Shi ya sa doka ta ɗora gwamna a kan babban kwamiti, don idan wani sashe ya yi nawa a sami wanda zai tsawata.

Mu ɗauki misali. An buga waya an ce akwai yaro a wani gareji, ubangidansa ya ƙona shi da ƙarfe. Abu na farko shi ne tantancewa: wannan na yanzu-yanzu ne, ko zai iya kwana? Rahoton yaron da ke zubar da jini da rahoton yaron da ya daina zuwa makaranta ba za su bi layi ɗaya ba. Ofishin da bai iya wannan rarrabewa ba zai ƙare ƙarfinsa a kan wanda ya fi ɗaga murya, mai shiru kuwa ya mutu a ɗaki.

Abu na biyu shi ne a ɗora yaron a wuyan mutum ɗaya mai suna. Ma'aikaci guda ne zai je garejin, ya kai shi asibiti, ya nemo iyayensa, ya rubuta rahoto, ya tsaya a gaban kwamiti. Sauran za su taimaka, amma idan aka tambayi labarin yaron bayan wata uku, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Wannan ita ce amsar tambayar da dattijon nan ya yi mana.

Abu na uku shi ne rubutu. Kowane yaro da fayil ɗinsa: ranar da aka kawo rahoto, abin da aka gani, abin da aka yanke, ranar da za a koma dubawa. Shugaba nagari yana zama da ma'aikatansa a kai a kai yana buɗe fayilolin nan, yana tambaya: an koma gidan? Yaron ya koma aji? Ubangidan ya daina? Fayil ba ya rufuwa don an gaji da shi, sai haɗarin ya gushe.

Abu na huɗu shi ne sirri. Yarinyar da aka yi wa fyaɗe, idan sunanta ya fita, an cuce ta sau biyu. Maƙwabcin da ya kawo rahoto, idan aka tona shi, ba shi ba ƙara magana, haka duk wanda ya ji labarinsa. Shugaban da ya bari ma'aikatansa na hira da labarin mutane ya rufe ƙofar ofishinsa da hannunsa.

Abu na biyar shi ne kula da ma'aikatan kansu. Mutumin da kullum yake ganin ƙuna da karaya da kukan yara, ga albashi kaɗan, ga fayil tuli, zuciyarsa tana iya bushewa ko ya ajiye aikin. Duk ma'aikacin da ya tafi, ya tafi da sanin gidaje da amanar da iyalai suka ba shi. Raba aiki daidai, horaswa, da samar da kuɗin mota don ziyara, duk suna cikin kare yaro ko da ba a ganin su a hoto.

Raba yaro da gidansu shi ne matakin ƙarshe

Mun san tsoron da iyayenmu ke ji: kada a kira hukuma ta zo ta ƙwace yaro. Yana da kyau a ji yadda dokar Masar ta jera matakan da ƙaramin kwamiti zai ɗauka. Za a fara da barin yaro a gidansu, a ɗaure iyaye da alƙawarin kawar da haɗarin cikin wani wa'adi, kwamiti na sa ido. Ko a bar shi a gida a kawo wa iyalin taimakon da suke buƙata na lafiya, karatu ko abin masarufi. Ko a bar shi a gida a raba shi da mutumin da ke cutar da shi. Sai idan duk wannan bai yi ba ake neman kotu ta ba da umarnin ajiye shi na ɗan lokaci a wajen wani iyali amintacce ko wata cibiya. Idan kuma uba ne ya ƙi ciyarwa, ana iya kai maganar kotun iyali ta tilasta masa. Inda rai ke cikin haɗari nan take ne kaɗai ake fitar da yaro da gaggawa.

Dalilin wannan jeri shi ne, sau da yawa abin da ake kira sakaci talauci ne. Uwar da ta tura ɗanta talla ba lallai ba ta son sa ba ne, tukunya ce ba ta hau wuta. Shi ya sa shirin tallafin kuɗi na Takaful da Karama, wanda Masar ta fara a 2015, ya shafi wannan aiki kai tsaye. Ana ba iyali matalauta kuɗi bisa sharaɗin yaransu su halarci makaranta aƙalla kashi 80 cikin 100 na kwanakin karatu, ƙananan kuma a riƙa kai su asibiti. Shugaban da ya san aikinsa yana duba ko iyalin da aka kawo ƙararsu sun cancanci wannan tallafi tun kafin a yi maganar hukunci.

Yaron da ba shi da kowa kuwa, dokar Masar ta hana a mayar da shi ɗan wani a canza masa nasaba, daidai da hukuncin Musulunci. Abin da ake yi shi ne kafala: iyali su riƙe shi, su ciyar, su tarbiyyantar, hukuma ta bincike su tun farko kuma ta ci gaba da ziyara. Riƙo ne irin wanda muka sani a zango, bambancin kawai akwai mai zuwa ya duba.

Akwai kuma abin da ya shafi matasanmu masu bin hanyar sahara. Dokar Masar mai lamba 82 ta 2016 kan safarar baƙin haure ta ce yaron da aka samu shi kaɗai ba a gano danginsa ba, majalisar yaran ce ke tsaya masa a madadin iyalinsa a gaban doka.

Inda tsarin ke tuntuɓe

Kada a ɗauka komai na tafiya sumul. Bayan dokar 2008, kwamitoci da yawa sun daɗe suna nan a takarda kawai. Mambobinsu ma'aikatan wasu sassa ne da aka ƙara wa wannan a kan aikinsu na kullum, ba kasafin kuɗi na musamman, wani lokaci ba ko ɗakin zama. An ɗauki shekaru, da taimakon UNICEF da ƙungiyoyin sa kai, ana ƙoƙarin farfaɗo da su. Sunan kwamiti ba ya ceton yaro idan ba wanda zai hau mota ya je.

Ƙidaya ma matsala ce. A 2014 ma'aikatar ta yi bincike ta ce yaran titi a Masar sun kai kimanin 16,000, alhali ƙungiyoyi da dama sun daɗe suna faɗin adadin da ya ninka wannan nesa ba kusa ba. Saɓanin ya taso ne daga wanda ake ƙirgawa: mai kwana a titi kaɗai, ko har da mai yini a titi ya koma gida da dare? Shugaban da bai daidaita wannan ba, ba zai san gado nawa ko ma'aikaci nawa zai nema ba. Bayan binciken ne aka ƙaddamar da shirin yara marasa matsuguni a 2016, da motoci masu zagayawa suna iske yaran inda suke kwana.

Sannan akwai amincewar jama'a. Ofishi ba ya ganin cikin ɗaki. Idan mutane suna ganin kai rahoto tonon asiri ne, wayar ba za ta yi ƙara ba sai bayan ɓarna ta auku. A nan malamai suka shigo. A 2005 Jami'ar Azhar tare da UNICEF suka fitar da littafi kan kula da yara da kare su a Musulunci, don limamai da masu wa'azi su nuna cewa hana cutar da yaro daga cikin addini yake, ba kayan aro ba ne.

Mu dawo gida

Abin da ya ba mu mamaki shi ne, da muka waiwayo Ghana sai muka tarar yawancin wannan muna da shi a doka. Dokar Yara ta 1998, mai lamba 560, ta ɗora wa majalisun gundumomi nauyin kare yaran da ke yankinsu. Ta wajabta wa duk wanda ya san ana cutar da yaro ya kai rahoto ofishin jin daɗin jama'a. Ta ba jami'in ofishin damar zuwa da ɗan sanda ya ɗauke yaron da ke cikin haɗari zuwa wurin aminci na kwanakin da ba su wuce bakwai ba, kafin kotun iyali ta duba. Ta sa shekarun aure 18, na shiga aiki ko koyon sana'a 15, na aiki mai haɗari 18. 'Yan sanda suna da sashen DOVVSU na rikicin cikin gida. Akwai kuma tallafin LEAP tun 2008. Abin da ya rage mana shi ne gadar da za ta haɗa lungun zango da waɗannan ofisoshi, domin da yawa daga iyayenmu ba su taɓa taka ƙofarsu ba, wasu saboda harshe, wasu saboda tsoro.

Mu ba hukuma ba ne, ba mu da ikon shiga gidan kowa ko ɗauke ɗan kowa, kuma ba ma neman wannan iko. Ga abin da ƙungiyarmu ta yanke, muna neman albarkar manya a kai:

Za mu roƙi sarkin zango da liman su kafa ƙaramin kwamiti na mutum bakwai: wakilin sarki, malami, magajiya, malamin boko, ma'aikaciyar jinya daga cikin 'ya'yan unguwa, da matasa biyu, mace da namiji.

Duk maganar yaro da ta zo, za a ba mutum ɗaya ita da sunansa, a rubuta a littafin da ke kulle a hannun mutum guda, a sa ranar komawa.

Abin da nasiha da taimako za su gyara, kamar kuɗin makaranta, takardar haihuwa ko katin inshorar lafiya, za a gyara shi a cikin gida da mutunci, ba tare da kunyata kowa ba.

Fyaɗe, ƙuna, karaya da duk abin da ya taɓa rai ba na sulhun zaure ba ne. Asibiti da hukuma za a nufa a ranar, ko ɗan wane ne ya aikata.

Za mu je ofishin jin daɗin jama'a na gundumarmu mu gabatar da kanmu, mu san jami'in da fuska, mu karɓi lambarsa, mu kuma ba da masu fassara ga iyayen da ba sa jin Turanci ko Twi.

Muna kuma roƙon duk gidan da ke riƙon ɗan wani, da duk mai gareji ko shagon ɗinki da ke da yara masu koyo, su yarda a riƙa leƙo su. Mai riƙo da gaskiya ba abin da zai rasa, sai ma ya sami masu taya shi.

Iyayenmu kan ce ɗa na kowa ne. Gaskiya ne, amma mun ga da idonmu yadda na kowa ke zama na babu kowa idan ba a kira sunan mutum ɗaya ba. Za a karanta wannan shawara bayan sallar Juma'a mai zuwa a harabar babban masallaci, kuma muna son jin ta bakin iyaye mata musamman, domin su ne ke fara gani. Wanda ke da gyara ko yake son shiga kwamitin ya sami ɗaya daga shugabannin matasa.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba mu ikon riƙe amanar da Ya ɗora mana. Wassalamu alaikum.